Alhaji Umaru na Salaga: Shugaban Baƙi da Gadon da ya Bari



GABATARWA

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Manufar wannan karin magana ita ce baƙo ba ya daɗewa, da rana ta ɗaga sai a neme shi a rasa, shi kuwa ɗan gari yana nan daram. To, amma wanda ya bi tarihin Afirka ta Yamma zai tarar da baƙin da suka sauke kaya ba su sake ɗaurawa ba. Sun yi aure, sun haifu, sun gina masallatai da makarantu, har unguwarsu ta zama gari a cikin gari. Irin wannan unguwa ita ake kira zango, kuma da wuya a sami babban gari tun daga Duwala har Kumasi wanda ba shi da zangon Hausawa.

Wannan lacca za ta duba rayuwar ɗaya daga cikin shugabannin irin waɗannan baƙi, watau Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru na Salaga, mutanen Gana kuwa suna ce masa Imam Imoru. Tambayar da za a ɗora bayanin a kanta ita ce: me shugaban baƙi yake iya bar wa jama'arsa, alhali ƙasar da suke zaune ba tasu ba ce, sarautar garin ba tasu ba ce, kuma ana iya tashinsu ko wace rana? Tambayar ta shafi mutanen gabashin Sakkwato musamman, domin a shekarun da suka biyo bayan 2019 Gobirawa da yawa sun zama baƙi a garuruwan wasu. Za a komo kan wannan a ƙarshen bayani.

ZANGO DA TSARINSA

Asalin zango shi ne wurin da ayarin fatake yake sauka ya kwana. Ayarin da ya fi kowane suna a ƙarni na 19 shi ne na fataucin goro. Goro a kurmin Tonawa yake fita, watau ƙasar Asante, masu cinsa kuwa suna ƙasar Hausa da Barno. Sarakunan Tonawa ba su cika barin fataken arewa su shiga kurmi ba, saboda haka sai ciniki ya tsaya a bakin kurmin, a garin Salaga ta ƙasar Gwanja. Daga nan ne Bahaushe ya sami kalmar Gwanja.

Fatake sukan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna da alfadarai da 'yan dako, ɗauke da kanwa da tufafi rinannu da kirgi, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da ta Dagwamba, su sauka Salaga. Zuwa da komowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci ma shekara guda. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980, ya nuna cewa zuriyoyi uku ne suka fi riƙe wannan fatauci: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kowane ayari yana da madugu, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki mai kula da biyan fito ga sarakunan hanya. Wajibi ne kuma a faɗi cewa har da bayi a cikin abin da ake saye da sayarwa, domin kasuwar Salaga ta yi suna da cinikin bayi kamar yadda ta yi suna da goro.

Idan falke ya sauka zango, akwai mutanen da rayuwarsa take hannunsu. Akwai maigida, wanda yake ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi. Akwai dillali. Akwai sarkin zango, wanda yake magana da sarkin gari a madadin baƙi. Sa'an nan akwai limami. A ƙasar Hausa aikin limami jan salla ne da ɗaurin aure da raɗin suna da jana'iza, sauran al'amura suna hannun sarki da alƙali. A zango kuwa, inda sarkin gari sau da yawa ba Musulmi ba ne, limami shi ne mai shaidar bashi, shi ne mai raba gardama, shi ne mai rubuta wasiƙa. Idan falke ya mutu a Gwanja alhali magadansa suna Bebeji ko Gummi, limami ne zai lissafa abin da ya bari, ya rubuta, ya damƙa wa madugu amana. Ciniki na tafiyar watanni ba ya yiwuwa sai da yarda, ita kuwa yarda tana bukatar mutumin da kowa zai karɓi rubutunsa.

DAGA KANO ZUWA SALAGA

Shi dai Alhaji Umaru an haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a rubuce-rubucensa na Larabci yake kiran kansa Bakabe, Bakano, mutumin Salaga. Waɗannan sunaye uku sun isa su nuna irin rayuwar da ya yi. Mahaifinsa falke ne mai zuwa Gwanja, kuma Umaru ya san hanyar tun yana saurayi. Amma karatu ya fi jan hankalinsa a kan ciniki. Ya yi zurfi a nahawu da luga da fiƙihu, har ya kai ga fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mashahurin mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa. Duk ɗalibin da ya taɓa fama da Larabcin waɗannan waƙoƙi ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sa'ad da ya zauna a Salaga, wajen 1892, garin ya riga ya fara ja da baya. A 1874 sojan Ingila sun ci Kumasi sun ƙone ta, mutanen Gwanja suka kuɓuce daga hannun Tonawa, Tonawa kuma suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni. Daɗin daɗawa, a cikin 1892 ɗin yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, watau masu mulkin Salaga, aka washe garin, fatake da malamai suka watse. Baƙi ba su da hannu a gadon sarautar da ake faɗa a kai, amma dukiyarsu ce ta fara salwanta. Daga baya Alhaji Umaru ya tsara ƙasida da Larabci a kan wannan bala'i.

A Salaga ne kuma ya haɗu da wani Bajamushe mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suke kira Malam Musa. Shi wannan Bature mai nazarin harsuna ne, kuma ya tara rubuce-rubucen Hausa na ajami. Wasu rubuce-rubucen ajami na Malam Umaru kuwa, waɗanda Adam Mischlich ya tara, sun yi shekaru a ajiye a Jamus kafin masanin Hausa na Jami'ar Warso, Stanisław Piłaszewicz, ya fito da su a littafi a shekarar 2000.

LIMAMIN KETE-KARACI

Da yawa daga waɗanda suka gudu daga Salaga kudu suka yi, zuwa Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, Malam Umaru ma ya bi su wajen 1896. Shi wannan wuri gari biyu ne a haɗe. Karaci ita ce ta 'yan ƙasa, masu bauta wa tsafin Dente, wanda ake jin tsoronsa har cikin ƙasar Tonawa. Kete kuwa ita ce zangon fatake Musulmi. An daɗe ana zaman doya da manja tsakanin bokan Dente da fatake a kan kuɗin fito da ikon kasuwa. A 1894 Jamusawa suka iso, suka harbe bokan, suka kafa barikinsu, wurin ya shiga cikin ƙasar Togo ta Jamus.

Ke nan Malam Umaru ya sauka a garin da jini bai daɗe da zuba ba, inda 'yan ƙasa suke da dalilin zargin baƙi da haɗa kai da Bature. A nan ya zama limami, ya buɗe makaranta, kuma in ban da tafiye-tafiye, a nan ya ƙare rayuwarsa. Ya tafi aikin hajji a 1913. A 1914 Ingilishi suka ƙwace yankin daga hannun Jamusawa, ya ci gaba da limancinsa a ƙarƙashin sababbin masu mulki. Ya rasu a 1934, aka binne shi a Kete-Karaci. In an lissafa, ya zauna a ƙarƙashin Sarkin Kano, da sarakunan Gwanja, da Jamus, da Ingila, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya nemi shawararsa kafin ya hau kansa.

ALƘALAMI MAKAMIN BAƘO

Wanda ba shi da dakaru kuma ba shi da ƙasa, da me zai kāre jama'arsa? Amsar da rayuwar Alhaji Umaru ta bayar ita ce rubutu. Littafinsa na farko da aka sani, wanda ya rubuta a 1877 yana ɗan kimanin shekara 19, a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa ne, sunansa Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, kuma daga baya an buga shi a Alƙahira. Mai karatu na yau zai iya ɗaukar wannan ƙaramin fanni ne. Amma a zaman zango wasiƙa ita ce takardar shaida, ita ce rasiɗi, ita ce ƙara, ita ce kuma hanyar da talaka yake isa gaban sarki ba tare da ya taka ƙofar fada ba. Malamin da ya koya wa almajirai ɗari yadda ake tsara wasiƙa ya bai wa zanguna ɗari baki.

Wannan al'amari bai tsaya ga Hausawa kaɗai ba. A Amurka akwai al'umma babba ta masu jin Sifaniyanci, waɗanda asalinsu Meziko ne da sauran ƙasashen kudancin nahiyar, kuma ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62. Ɗaya daga shugabanninsu da ake tunawa shi ne Dokta Hector Garcia, likita a garin Corpus Christi na jihar Texas, wanda aka haifa a Meziko a 1914. A 1948 ya kafa ƙungiyar tsofaffin soja 'yan asalin Meziko domin nema musu haƙƙinsu. A farkon 1949 wani gidan shirya gawa a garin Three Rivers ya hana a yi zaman makokin wani soja mai suna Felix Longoria a ɗakinsa, alhali sojan ya mutu ne yana yi wa Amurka yaƙi. Dokta Garcia ya aika da saƙo a rubuce ga manyan ƙasa, ciki har da Sanata Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Ƙarshenta aka binne Longoria a maƙabartar jarumai ta Arlington. Likitan Texas da limamin Kete-Karaci ba su san juna ba, addininsu da harshensu sun bambanta, amma makaminsu ɗaya ne: sanin wanda za a rubuta wa, da sanin yadda za a rubuta.

Bayan wasiƙa sai waƙa. Alhaji Umaru ya mai da waƙa abin da jarida take yi a yau. Da annobar mura ta 1918 ta auka wa duniya, ta kashe mutane da yawa a Gwal Kwas, ya tsara ƙasidar da aka sani da Tunkuyau, inda ya bayyana alamomin cutar da yadda take kama mutum. Da wani mai wa'azi da ake kira Musa ya ɓullo a ƙasar Gwanja wajen 1904, da da'awa mai kama da ta Mahadiyanci, mutane suna rububinsa, Malam Umaru ya rubuta ƙasida yana jan kunnen jama'a a kansa. Ba abu ne mai sauƙi ba malami ya tsaya gaban taron mutanensa ya ce musu sun ruɗu, amma ya san cewa in tarzoma ta tashi a zango, baƙi ne za su biya.

Wadda ɗaliban Hausa suka fi sani ita ce Waƙar Talauci da Wadata. A cikinta ya zana yadda jama'a suke wulakanta matalauci ko da ɗan asali ne, suke girmama mawadaci ko da ba shi da hali. Wanda ya karanta ta da sauri zai ce yabon kuɗi ne. Wanda ya natsu zai ga madubi ne malamin ya ɗaga wa mutanen zango, inda babu gonar gado, babu dangi na kusa, darajar mutum duk ta koma kan abin da ke aljihunsa. Waƙar tana zaburar da saurayi ya tashi ya nemi na kansa, tana kuma kunyata al'ummar da ta mai da dukiya ma'aunin mutunci.

ZAMA DA MASU MULKI

A nan ne fa ake samun saɓani tsakanin masu nazarin rayuwarsa. Tsakanin 1899 da 1903 ya tsara ƙasidu uku a kan zuwan Turawa, biyu da Larabci, ɗaya da Hausa, ita ce ake kira Waƙar Nasara. A cikinsu ya nuna yadda Turawa suka fara zuwa da lallami da sunan ciniki, sa'an nan suka juye suka zama masu mulki, ya kuma jera garuruwa da sarakunan da suka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan ne daga malaman zamaninsa suka hango cin ƙasar nan a dunƙule kamar yadda ya hango shi, kuma zaman zango ne ya ba shi wannan, domin kowane ayari da labarin da yake kawowa.

Amma kuma a cikin waɗannan shekaru ɗin ne yake zaune da Adam Mischlich, jami'in Jamus mai mulkin Kete-Karaci, yana koya masa Hausa, yana rubuta masa bayanin ƙasar Hausa: noma da kiwo, rini da saƙa da ƙira, kasuwanci, aure da haihuwa, sarauta da bauta. Da taimakonsa Mischlich ya wallafa ƙamus ɗinsa na Hausa a Balin a 1906. Waɗannan bayanai su ne Douglas Ferguson ya fassara ya yi digirinsa na dokta a kansu a Jami'ar Kalifoniya a 1973, kuma har yau suna cikin mafi cikar bayanin da wani Bahaushe ya rubuta game da zaman Hausawa kafin zuwan Turawa.

To, yaya mutum zai la'anci mulki da dare, ya zauna da mai mulkin da safe? Masu suka suna cewa duk ilmin da aka bai wa mai mulkin mallaka ƙarin igiya ne aka ba shi, kuma maganarsu tana da nauyi, domin Mischlich ba don sha'awa kaɗai ya koyi Hausa ba, harshen yana da amfani ga mulkin Togo. Sai dai ya kamata a dubi zaɓin da yake gaban limamin. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira a 1903, ya yi shahada a Burmi. Wannan hanya ce ta mai ƙasa wanda aka ƙwace wa ƙasarsa. Mutanen Kete kuwa sun riga sun yi tasu hijirar daga Salaga, ba su da sauran wurin zuwa, kuma tsakaninsu da masu gari akwai tsohon miki. Shugabansu bai da ikon yin fushi ya rufe ƙofa. Abin da za a iya auna shi da shi, shi ne ko zaman da ya yi da Bature ya sa ya canza abin da ya rubuta game da Bature. Ƙasidun suna nan, ba a ga inda ya janye su ba. Ya faɗi ƙwacen da aka yi, kuma a waƙarsa ta Hausa bai ɓoye abin da ya gani na lafawar yaƙe-yaƙe da amincin hanyoyi ba. Ma'aikacin gwamnati na yau, wanda sau da yawa yake aiki a ƙarƙashin shugabannin da bai zaɓa ba, ya fi kowa sanin nauyin wannan matsayi.

ABIN DA RUWA BAI CI BA

Tsakanin 1961 da 1965 gwamnatin Kwame Nkrumah ta gina madatsar ruwa ta Akosombo. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000, kuma tsohuwar Kete-Karaci tana cikin garuruwan da ruwa ya ci. Unguwar da Alhaji Umaru ya yi kusan shekara arba'in yana karantarwa a cikinta yanzu sai dai masunta su bi ta kanta da kwalekwale. Da a ce gadonsa gini ne, da maganarsa ta ƙare.

Amma a daidai waɗannan shekaru Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, a ƙarƙashin Thomas Hodgkin, ta shiga tattara littattafan Larabci da na ajami daga hannun malamai. Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo suka bi zanguna gari gari, kuma suka yi ta cin karo da rubuce-rubucen Alhaji Umaru, kwafi bayan kwafi, a hannun almajiransa da almajiran almajiransa. Babu hukumar da ta ba da umarnin a adana su. Mutane ne suka ga suna da amfani, suka kwafa da hannunsu.

Gadonsa na biyu shi ne haɗa zanguna. Ya yi zumunci ta hanyar wasiƙa da waƙa da shugabannin Hausawa na wasu garuruwa, kamar Malam Sallau, Bakatsine, Sarkin Zangon Kumasi. Almajiransa sun watsu sun zama limamai da malamai a zanguna daban-daban. Amfanin irin wannan sarƙa ya fito fili a ran 18 ga Nuwamba 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Dubban ɗaruruwa suka fita, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su. Duk da haka zangunan ba su mutu ba, Hausa kuma ta ci gaba da zama harshen da Musulmin Gana na ƙabilu daban-daban suke haɗuwa a kansa. A 2017 Majalisar Gana ta kafa asusu na musamman don raya zanguna, a 2019 kuma Babban Limamin ƙasar, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana da shekara ɗari, ya halarci bikin Ista a wata majami'ar Katolika a Ankara domin ƙarfafa zaman lafiya. Raɓar ta zama kaba. Nijeriya ma tana da nata laifin a wannan babi, domin a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya.

DARASI GA ƘASAR GOBIR

Gobirawa ba baƙin ƙaura ba ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, sun kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya, kamar yadda yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1899 ta raba Salaga da Yandi. Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, tun daga yankin Gatawa har Kamarawa. Dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, wasu kuma suka kwarara cikin birane. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Manomin da aka raba da gonarsa, aka kuma raba shi da hakiminsa, ya zama ɗan zango ko da bai taɓa jin sunan Salaga ba.

Abin da rayuwar Alhaji Umaru take koya wa masu ilmin wannan yanki a bayyane yake. Jama'ar da ta watse tana bukatar wanda zai rubuta: sunan kowane ƙauye da aka tashi, da ranar da aka tashe shi, da waɗanda suka mutu, da iyakar gonar kowane gida. Ran da aka sami lafiya aka koma, gardamar gona da ta gado za ta taso, kuma wanda ba shi da shaida zai rasa haƙƙinsa sau biyu. Tana bukatar makaranta a duk inda aka sauka, ko da a gindin bishiya ne, domin yaron da ya yi shekara biyar ba karatu ya yi asarar da komawa gida ba za ta mayar masa ba. Tana kuma bukatar wanda zai iya shiga ofishin hukuma, na Sakkwato ko na Maraɗi, ya yi magana da ladabi, ya fito bai sayar da gaskiyar mutanensa ba.

Su kuma ma'aikata, akwai abin dubawa a ɗaya gefen. Kowane babban gari a Arewa yana da baƙinsa: Yarabawa da Ibo na Sabon Gari, Zabarmawa, Buzaye, da 'yan gudun hijira na jiya-jiyan nan. Kowace ƙungiya tana da dattijon da take saurara. Jami'in da ya san waɗannan dattawa tun ana zaman lafiya, ya karɓi takardarsu ya amsa ta a kan lokaci, ya rage wa kansa aikin ran tashin hankali. Bahaushen da yake so a mutunta sarkin zango a Kumasi ko Sarkin Hausawan Sabo a Ibadan, wajibinsa ne ya mutunta takwaransu a Kano da Gusau.

KAMMALAWA

A taƙaice, Alhaji Umaru bai riƙe sarautar ƙasa ba, bai ja runduna ba, kuma garin da ya yi wa hidima ba ya nan. Abin da ya bari ya zuba shi ne a wurin da ƙaura ba ta iya raba mutum da shi, watau a takarda da ƙirjin almajirai. Aikin da ya rage na jami'o'in ƙasar Hausa ne. Yawancin nazarin da aka yi a kansa da Jamusanci da Ingilishi aka yi shi, a Balin da Warso da Legon da Kalifoniya, alhali mutumin Bakano ne, Bakabe, kuma da Hausa ya rubuta bayanin ƙasarsa. Ya kamata sassan Hausa da na Tarihi su juya rubutunsa na ajami zuwa boko, su buga shi da arha yadda ɗalibin sakandare zai iya saya, su kuma tura ɗalibai su rubuta tarihin shugabannin zanguna da na 'yan gudun hijira tun masu ba da labarin suna raye.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru, ya mai da waɗanda aka raba da gidajensu gida lafiya.